Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tsofaffin Mazaunan Furanni na Ingila da Ruɗin Gwanjo

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarukan ƙungiyoyin raya al'adu, tun daga Damagaram har Yamai. Da zarar an taɓo batun sana'o'in hannu, sai a sami mai miƙewa ya ce a dubi Turawa, su ne suka san darajar aikin kakanninsu, tunda ɗan teburin da wani masassaƙi ya yi shekara ɗari da suka wuce, yau rububinsa ake yi a gidajen gwanjo, ana zuba masa kuɗi kamar ba a san zafin nemansu ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa tsadar tsohon kaya ita ce shaidar girmama mai sana'a, kuma ranar da kayan maƙera da dukawa da masaƙa na ƙasar nan suka yi irin wannan tsada, to, an gama ceton sana'a. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ba a cika tsayawa a bincike ta ba. Amma da yake malaman makaranta suna ɗaukarta daga zauren taro su kai ta cikin aji, kuma da ita ake tsara abin da ƙungiyoyi za su nema wajen hukuma, ya zama dole a kwance ta a ga abin da ke ciki.

Abin da ya fi dacewa a gwada ta da shi, wani ɗan kayan ɗaki ne da dillalan tsofaffin kaya na Ingila da Amurka ke yawan tallatawa, wato mazaunin tukunyar furanni na itacen ok da jan ƙarfe. Ɗan tebur ne siriri mai dogayen ƙafafu uku ko huɗu, tsayinsa yakan kai ƙugun mutum, ana ajiye shi bakin taga a ɗora masa tukunyar shuka. Wani an yi samansa kamar ƙaramar ganga ta itace an ɗaure ta da ɗamarar jan ƙarfe, wani an lulluɓe fuskarsa da fallen jan ƙarfe, wani kuma an manna masa alluna da aka bubbuga har zanen fure ko kifi ya fito. Yawancinsu an yi su ne daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon yaƙin duniya na 1914. A bakin dillali kalmomi biyu ne ke ɗaga farashinsu: tsoho ne, kuma aikin hannu ne. Tarihin abin kuwa ya nuna cewa kalmar farko ba ta amfani wanda ya yi shi da komai ba, ta biyun kuma sau da yawa rabinta ne gaskiya.

Yadda abin ya samu

Mazaunin furanni ɗan zamaninsa ne. A shekara ta 1845 Ingila ta soke harajin gilashi, a 1851 ta soke harajin taga. Sai gidajen masu matsakaicin hali suka sami manyan tagogi, haske ya shiga ɗaki, shuka ta iya rayuwa a ciki. A lokacin kuma jiragen ruwa suna kawo tsirrai daga ƙasashe masu nisa cikin akwatin gilashi rufaffe da wani likita na Landan, Nathaniel Ward, ya ƙago. Daga cikinsu akwai wata shuka mai faffaɗan ganye da ake kira asfidistira, wadda aka kawo daga Sin a shekarun 1820, mai jure duhu da hayaƙin fitilar gas. Ita ce ta zama tutar gidan mutunci. Kamar yadda jere ke faɗin matsayin gidan su amarya ba tare da kowa ya buɗe baki ba, haka shukar bakin taga ke gaya wa mai wucewa cewa mutanen gidan nan suna da abin yi. Shukar da aka ɗora wa wannan nauyi kuwa ba za a bar ta a ƙasa ba, sai an yi mata kujera.

Haɗa itacen ok da jan ƙarfe yana da dalili na sana'a. Ok, wanda masu jin faransanci suka sani da sunan shen, itace ne mai nauyi da tauri, irin wanda Ingila ta gina jiragen ruwanta na yaƙi da shi. A jikinsa akwai sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Idan baƙin ƙarfe ya taɓa shi ga kuma danshi, itacen yakan yi baƙin tabo, ƙarfen kuma ya ci. Jan ƙarfe ba ya wannan ɓarna, shi ya sa masu ƙera jiragen ruwa suka daɗe suna kafa ok da ƙusoshinsa. Abin da za a ɗora wa tukunyar da ake ba ruwa kullum, ba shi da abokin zama da ya fi wannan. Adon kuwa aikin maƙeran fari ne: a shimfiɗa fallen a kan darma ko kwalta, a bi shi ta baya da ƙananan ƙarafa da guduma har zane ya kumburo ta gaba, in ƙarfen ya yi tauri don bugu, a mayar da shi wuta ya yi laushi, a sake. Duk maƙerin da ya taɓa yin tasa ko munduwa ya san wannan hanya.

Wani abu da dillali ba ya son a daɗe a kansa shi ne launin itacen. Duhun nan mai kama da na kayan da suka ga ƙarni biyu, sau da yawa da shi aka haifi kayan. Masu sana'ar sukan rufe sabon tebur cikin ɗaki da tururin amoniya, tururin ya haɗu da sinadarin baurin, itacen ya rine cikin kwana ɗaya ko biyu. Wato tun ranar da aka fitar da shi kasuwa an riga an shafa masa tsufa, domin mai saye na wancan zamani ma tsohon abu yake marmari.

Mafarkin Morris da kuɗin da ya ɗauki nauyinsa

Salon waɗannan kaya ya fito ne daga wata tafiya ta masu zane da masu sana'a da ta tashi a Ingila don yaƙar mummunan kayan masana'antu. Tushenta tunanin John Ruskin ne, wanda a 1853 ya yi hujja cewa rarraba aiki a masana'anta mutum yake rarrabawa, ya bar ma'aikaci da motsi ɗaya tak da zai yi ta maimaitawa har ya mutu. William Morris, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1896, shi ya ɗauki wannan tunani ya mai da shi kamfani a 1861. Manufarsa mai kyau ce, kuma babu mai hankalin da zai raina ta: mai yin abu ya ji daɗin yinsa, mai amfani da shi ya ji daɗin amfani, kuma kyakkyawan kaya ya shiga gidan talaka. A 1887 aka kafa ƙungiyar baje kolin fasaha da sana'o'in hannu, a 1888 ta yi bajenta na farko a Landan, daga nan tafiyar ta sami sunanta.

To amma da wane kuɗi Morris ya sami sukunin yin wannan mafarki? Da kuɗin jan ƙarfe. Mahaifinsa yana da hannun jari 272 a mahaƙar Devon Great Consols da aka buɗe a 1844, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafi arzikin mahaƙan jan ƙarfe na Turai. Da Morris ya cika shekara 21 sai ya fara karɓar fam 900 kowace shekara, a zamanin da lebura ba ya ganin fam 50. A farkon shekarun 1870 shi da kansa ya zauna cikin shugabannin kamfanin, lokacin da mahaƙar ta koma fitar da gubar asenik mai yawan gaske, ma'aikata suna kankare ta daga bangon bututun hayaƙi da ɗan ƙyalle a baki da auduga a hanci. A ɗaya gefen teku kuma, garin Swansea na yankin Wales, inda ake narka jan ƙarfen, hayaƙi ya ƙone kwarinsa har ciyawa ta daina fitowa, kuma cikin duwatsun da ake kawo masa a shekarun 1830 da 1840 akwai na El Cobre a Kuba, inda bayi ke cikin masu haƙa. Ba a kawo wannan don a tozarta Morris ba. Ya bar kujerar, ya shiga gwagwarmayar ma'aikata a 1883, ya yi ta har ƙarshen ransa. An kawo shi ne don a ga cewa kalmar aikin hannu hannu ɗaya kawai take ƙirgawa, na ƙarshe, wanda ya riƙe guduma. Hannun da ya haƙo dutsen, da wanda ya tsaya gaban wutar narkawa, da wanda ya tura ƙarfen cikin injin da ya murje shi ya zama falle, duk ba sa cikin lissafi.

Morris ya ga ramin da ya faɗa tun yana raye. Aikin hannu na gaskiya yana cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne, don haka masu hali kaɗai ke iya sayen kayansa. An ruwaito cewa wata rana yana aikin ƙawata gidan wani attajirin masana'antar ƙarfe, ya fashe da faɗa cewa ransa yana ƙarewa wajen yi wa almubazzarancin masu kuɗi hidima. A 1899 masanin tattalin arziki na Amurka, Thorstein Veblen, ya bayyana abin ƙarara: masu kuɗi suna son tabon guduma da ɗan karkacewar aikin hannu ne domin su ne shaidar cewa abin ya yi tsada. Alamar da aka so ta zama ta ƴancin ma'aikaci sai ta koma alamar aljihun mai saye.

Hannu ko inji?

Da kasuwa ta gane cewa tabon guduma yana da farashi, sai ta shiga ƙera tabon. Nan ne ya kamata mai yabon gwanjo ya saurara da kyau, domin daga nan mafi yawan mazaunan furannin suka fito.

Da dama daga cikin masu siffar ganga da ɗamarar jan ƙarfe suna ɗauke da tambarin R. A. Lister na garin Dursley, kamfanin da aka kafa a 1867. Sunan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: shi ne mai injin Lista, na niƙa da jan ruwa da ba da wuta. Kamfanin kayan noma ne da na sarrafa madara, yana da masu haɗa gangunan itace na kaɗa nono, sai ya juya gwanintarsu wajen yin tukwanen furanni da mazaunansu masu yawa. Kamfanin Shapland & Petter na Barnstaple, wanda ya shahara da kayan ok masu allunan jan ƙarfe, da gobara ta cinye masana'antarsa a 1888 sai ya sake gina ta da sababbin injuna, yana fitar da kaya bisa lamba, manyan kantuna suna saye su manna nasu sunan. Kantin Liberty na Landan, da aka buɗe a 1875, ya kai abin matuƙa: kayan azurfarsa da ya fara sayarwa a 1899 a wata masana'anta ta Birmingham ake yin su, inji ya fitar da siffa, a bi da tabon guduma daga baya, kuma ƙa'idar kantin ce a ɓoye sunan mai zane, sunan Liberty kaɗai ke fita. A Amurka, Gustav Stickley, wanda kayansa na ok suke da tsada a yau, masana'anta gare shi kusa da Syracuse, da injunan yanka da na fiƙe, da ma'aikata masu yawa.

Waɗanda suka riƙe aƙidar tsakani da gaskiya fa? C. R. Ashbee ya kafa ƙungiyar masu sana'ar hannu a unguwar talakawa ta gabashin Landan a 1888. A 1902 ya kwashi ma'aikatansa da iyalansu, mutum wajen 150, ya kai su ƙauyen Chipping Campden don su yi aiki cikin iska mai kyau, kowa da lambunsa. A 1907 kamfanin ya durƙushe. Kayan kantuna masu kama da nasu, masu rabin kuɗin nasu, sun kwashe masu saye. Mai gaskiya ya rufe maƙera, mai kwaikwayo ya buɗe sabon reshe, kuma yau a gidan gwanjo duka biyun suna shiga ƙarƙashin suna ɗaya.

Inda aka yi aikin hannu na ainihi a kan jan ƙarfe, labarin ya fi ba da tausayi. A Keswick, cikin duwatsun arewacin Ingila, wani limamin coci, Hardwicke Rawnsley, da matarsa Edith suka buɗe ajin dare a 1884 don mazan da sanyi ke hana wa aiki. A Newlyn, ƙauyen masunta na Cornwall, mai zane John Drew Mackenzie ya buɗe irin wannan aji a 1890 don samarin da teku ke zaunarwa in ta yi fushi, a 1892 kuma gwanin bugun jan ƙarfe John Pearson ya zo ya koyar da su. Kifaye da jiragen ruwa da ciyawar teku da ke jikin allunan Newlyn, waɗannan masunta ne suka buga su a kan darma. Abin da aka fi samu a jikin kayan shi ne sunan garin ko harufan makarantar, wasu ma babu komai. Mai tara kaya a yau yana biyan kuɗin tambarin ne. Saurayin da ya kwana yana bugu, sau da yawa babu mai iya faɗin sunansa.

Wa ke cin kuɗin?

Stickley ya karye a 1915, mujallarsa ta tsaya a 1916, ya ƙare kwanakinsa a gidan ɗiyarsa, ya rasu a 1942 duniya ta manta da shi. Shekara da shekaru ana ganin kayan ok masu duhu a matsayin tarkacen kakanni, ana jibge su a rumbu. Sai a 1972 jami'ar Princeton ta yi wani baje koli da ya dawo da su idon masana, dillalai suka biyo baya. A 1988 mawaƙiya Barbra Streisand ta sayi kabad ɗin ɗakin cin abinci na gidan Stickley a gidan gwanjon Christie's kan dalar Amurka 363,000. A 1999 aka sake sayar da shi kan 596,500. Cikin wannan kuɗi gidan gwanjo ya ɗauki la'adarsa sau biyu, mai sayarwa ta ɗauki ribarta. Kafintan da ya fere ƙafafun da maƙerin da ya buga maratayan jan ƙarfen an biya su ladan mako tun farkon ƙarni, an sallame su. Mazaunin furanni bai kai wannan kuɗi ba, amma hanyar da kuɗinsa ke bi ita ce wannan.

Har doka ma ta fi tausayin mamaci. Abu yakan shiga sahun kayan da ne in ya haura shekara 100, kuma a Ingila harajin shigo da irin wannan kaya kashi 5 ne cikin ɗari, alhali sabon kaya kashi 20 yake biya. Tiren jan ƙarfen da maƙeri mai rai ya gama jiya, mai iyali da almajirai, ya fi shan haraji a kan wanda mai shi ya zama ƙasa. Faransa ta lura da irin wannan zalunci a fagen zane, bayan da aka sayar da wani hoton Millet kan faran 553,000 a 1889 iyalinsa suna cikin ƙunci, ta kafa doka a 1920 mai ba mai zane ko magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa. Amma wannan gata ta masu suna ce. Masassaƙin da ba a rubuta sunansa ba, ba shi da magajin da zai je ya karɓa.

Kasuwar tana da wata ɗabi'a da ke tona asirinta. Jan ƙarfe yakan yi duhu da shekaru, kuma masu tara kaya sun ɗauki wannan duhu da tsada, har in matar gida ta goge shi ya yi ƙyalli, farashinsa ya faɗi. Wato abin da ake saye shi ne shekarun da suka wuce a kansa, waɗanda babu wanda ya yi gumi ya samar da su. Da yake kuma shekaru ba su da yawa a kasuwa, sai a ƙirƙire su: a shafa wa sabon falle sinadari ya yi duhu, a ɗauki saman wani tebur a aura wa ƙafafun wani, a buga tambarin da ba nasa ba. Gwanin da zai iya yin sabon mazauni mai kyau da sunansa, sai ya tarar ya fi samun kuɗi in ya ɓoye hannunsa ya jingina aikin ga matacce.

Abin da masu kare gwanjo za su ce

Za su ce ba don masu tara kaya ba da tuni an hura wuta da waɗannan tebura. Gaskiya ne, kuma an gode musu. Sai dai adana abu daban, adana sanin yin abu daban. Makarantar Keswick ta rufe ƙofarta a 1984, tana da shekara 100 cif, ciniki ya kasa ɗaukar ta, a daidai shekarun da farashin kayan irin nata ke hawa a gidajen gwanjo. Da tsadar tsohon kaya tana raya sana'a, da wannan makaranta ce za ta fara shaidawa.

Za su ce kayan suna da kyau, ko inji ya taɓa su ko bai taɓa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ya rushe hujjarsu. Mazaunin Lista da ya shekara ɗari yana ɗauke da tukunya bai gurgunce ba, kyakkyawan aiki ne, kuma mutanen da suka haɗa shi gwanaye ne ko da a masana'anta suke. Laifin yana ga wanda ya kira shi da sunan da ba nasa ba don ya ninka kuɗinsa. W. A. S. Benson, abokin Morris, ya yi fitilu da butoci na jan ƙarfe da injuna a Hammersmith, bai taɓa ɓoyewa ba, kayansa suka yi kyau suka yi araha, kasuwancinsa ya daɗe, har ya shiga shugabancin kamfanin Morris bayan rasuwar mai shi. Shi Morris ɗin ma daga baya ya yarda inji ya ɗauke wa mutum aikin wahala. Tambayar da ta dame shi ita ce wa ya mallaki injin, wa kuma ke cin amfaninsa. Ita ce kuma tambayar da ba a ji a gidan gwanjo.

Darasi ga malamai da ƙungiyoyi

Mai fatan kayan gargajiyar Nijar su yi tsadar gwanjo, ya tuna cewa ƙasar ta riga ta ɗanɗana. An gano kufan Bura a 1975, masanin tarihi Bube Gado ya yi haƙa a wurin a 1983, aka kai mutum-mutumin yumɓun baje koli a Turai a shekarun 1990. Da suka yi suna suka yi kuɗi, sai masu haƙar dare suka bi makabartun suna tonewa, har a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Babu maginiyar tukwane ko ɗaya da wannan tsada ta ƙara wa kwabo. Abin da ta haifar shi ne ramuka, da tarihin da aka watsa ba zai sake haɗuwa ba.

Abin koyi daga Ingila yana wani wuri dabam, a ajin dare na Keswick da na Newlyn, inda aka ɗauko gwani aka biya shi ya koya wa matasa sana'a a lokacin da babban aikinsu ya tsaya. Ƙasar da rani ke zaunar da manoma wata bakwai ko takwas ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan amfanin wannan. Kuma akwai tushe a gida: gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki cikin harabarsa, kusa da kayan da. Sai dai a ɗauki darasin tare da gyaran kuskurensa. Kuskuren Newlyn shi ne sunan gari ya haɗiye sunan mutum. Saboda haka duk ƙungiyar da ta shirya baje koli, ta rubuta sunan wanda ya yi kowane abu, da garinsa, da wanda ya koya masa, kamar yadda ake rubuta sunan marubuci a bangon littafi. Kyautar da za a ba zakaran gasa ko baƙon taro, a yi odarta wajen mai sana'a mai rai, a biya shi kuɗin da ya faɗa ba tare da an tsuke shi da sunan kishin al'ada ba. Malamin da ya gayyato maƙeri cikin aji, ya gabatar da shi a matsayin malami, a ba shi ladan malami. In kuma maƙerin ya ce injin goge ƙarfe yake so don ya huta da kwana uku na gurza, kada wani mai takalmi da ofis ya hana shi da hujjar cewa asali zai ɓace. Ashbee ya gwada riƙe asali da aljihun ma'aikatansa, an ga inda ya ƙare.

Ɗalibi kuma a koya masa tambayoyin da zai yi wa kowane kyakkyawan abu da aka nuna masa, na Landan ne ko na kasuwar Maraɗi: wa ya yi shi, nawa aka ba shi, daga ina ƙarfen ya fito, wa ya gaji sanin. Mazaunin furanni na ok da jan ƙarfe ya cancanci a kalle shi a yaba, domin mutane ne suka yi shi da kyau don a yi amfani da shi. Kuɗin da ake bugawa a kansa yau labarin dillalai ne da masu tara kaya. Mai son ya san ko al'umma tana girmama sana'a, ya je maƙera da safe ya ƙirga yaran da ke bakin zuga-zugi, ya tambayi mai maƙerar ko yana son ɗansa ya gaje shi.